Bindigar Kaka Wal da Soson Ƙarfe

Warrambie, Litinin 2 ga Maris, 1987

Bakwai saura kwata: na auna ruwan tanki. Saura kamu huɗu.

Zuwa ga Gwaggo Beryl,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, gwiwar nan kuma tana barin ki ki yi barci. Mu nan lafiya lau, sai dai fari. Matata Noreen tana gaishe ki, tarin nata ya yi sauƙi. A rumbun alkama an gama karɓar amfanin bana, yanzu aikina shara ne da gyaran sikeli.

Kin san tun da muka binne Babana a watan Janairu nake kwashe rumfar kayan aikinsa. Akwati-akwati nake bi, kowanne in sa masa lamba in rubuta abin da ke ciki, don kada gobe a ce na ɓatar da wani abu. Ranar Asabar na kai na goma sha tara. A ƙasansa akwai gwangwanin biskit, cikin gwangwanin akwai tsumma mai maiƙo, cikin tsumman kuma ga ƙaramar bindigar Jamus ta Kaka Wal, da kubenta na fata. Wadda kowa ya ce an jefa ta a tafki tun kafin a haife ni. Ashe ɗan'uwanki ne ya ɓoye ta duk shekarun nan bai gaya wa kowa ba.

Babu harsashi a ciki. Na duba sau biyu, sannan na kira Noreen ta tsaya ta ga na duba na uku.

Da yake ba ta da takarda, yau da safe na je wurin Sajan Doolan na gaya masa. Ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni.

"Nev, ka shigo ofishin 'yan sanda da ƙafarka ka ce kana da bindiga marar takarda? Ka san aikin da nake yi a nan kuwa?"

Na ce ai shi ya sa na zo.

Ya ce, "To ban ji ba, wannan kunnen nawa ba ya aiki ranar Litinin. Ran sha shida ga wata akwai mai kimanta tsofaffin bindigogi, wani Mista Prentice, zai sauka a Swan Hill. Ka ɗauko ta mu tafi a motata. Daga ranar tana cikin akwatin ƙarfena, kwana sittin, ba ƙari. In ya rubuta takarda cewa kayan tarihi ce, gidan tarihin da ke zauren 'yan mazan jiya zai karɓe ta. In bai rubuta ba, Melbourne za ta, a narkar da ita tare da tarkace. Wa ya sani, ko ta dawo mana a murfin kwata."

Ban ga abin dariya a nan ba, amma shi ya gani. Na ƙirga, kwana sittin ɗin zai cika ran Juma'a 15 ga Mayu.

Ga abin da nake son in tambaye ki. Bindigar ta yi baƙi ƙirin, wasu wuraren kuma sun yi ja-ja kamar tsatsa. Kunya nake ji in kai abin Kaka gaban baƙo a haka. Babana ko shebur bai taɓa bari ya kwana da ƙasa a jikinsa ba. Na yi niyyar in goge ta ran Juma'a 13 ga wata. Amma ke kaɗai kika rage a cikin waɗanda suka san ta a hannun mai ita, kuma ni ban cika yarda da shawarar kaina ba. In kina da ja, ki rubuto. Zan jira wasiƙun ranar Alhamis. In ban ji daga gare ki ba, zan ɗauka kin amince.

Ɗanki,
Neville

*

Currie, Tsibirin King, Lahadi 8 ga Maris

Ɗana Neville,

Na ga wasiƙarka jiya. Gwiwa tana nan inda ka bar ta. Ka gaishe da Noreen, ka ce ta daina shan maganin kantin nan, zuma da lemun tsami sun ishe ta.

Kada ka taɓa bindigar nan. Kada ka goge, kada ka shafa mata mai, ko hura ta kada ka yi. Likitan haƙorin da ke zuwa mana duk wata yana tara irinsu, kuma ya taɓa cika mini kunne da zancensu lokacin da bakina ke buɗe ba ni da halin tsayar da shi. Abu ɗaya na riƙe: baƙin nan da kake kira dauɗa, shi ne darajarta.

Sai da na zauna da na karanta cewa ka same ta. Ina da shekara takwas Baba ya fara ba ni labarinta. A watannin ƙarshe na yaƙi, a Faransa, ya faɗa cikin wani rami shi kaɗai, ya tarar da hafsan Jamus, dogo, mai gashin baki. Hafsan ya kai masa sara a dantse, ka san tabon, amma Baba ya murɗe hannunsa ya ƙwace bindigar, ya taso shi a gaba har sansani. Shekara talatin ke nan ina ba yaran tsibirin nan wannan labari duk ranar Anzac, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ba tare da ina da abin nunawa ba.

Wurinta cikin gilashi ne a zauren Warrambie, da sunan Walter Harkin a ƙasa, da labarin yadda ya same ta. Mutanen garin can sun daɗe suna yi mana kallon 'ya'yan ɗan ƙwadago. Su karanta su gani.

Iska ta taso tun jiya, an ce jirgin wasiƙu ba zai sauka gobe ba, amma jibi zai sauka. Za ta same ka a kan lokaci.

Gwaggonka,
Beryl

*

Warrambie, Juma'a 20 ga Maris

Bakwai daidai: na kai shara bakin titi.

Gwaggo Beryl,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. Noreen ta warke. Ni ma jikina ƙalau, amma kwana huɗu ke nan abinci ba ya yi mini daɗi.

Wasiƙarki ta iso jiya, 19 ga wata. Hatimin gidan wayarku na 17 ne. Na jira Alhamis ɗin da na ce, har na koma gidan waya da yamma na sake tambaya. Ran Juma'a na shimfiɗa jarida a kan tebur, na ɗauko soson ƙarfen da Noreen ke wanke tukwane da shi, da man da nake goge sikeli, na yi awa uku da rabi a kanta. Da na gama ina ganin fuskata a jikinta. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin aikina. Har na rubuta a littafina cewa Kaka zai yi alfahari.

Ran Litinin muka tafi Swan Hill da Sajan. Mista Prentice ya kama ɗaki a bayan otel, mutane bakwai ne a layi, ni ne na biyar. Ɗan siriri ne, da farar safar hannu, da madubin ƙara girma rataye a wuya. Na kwance tsumman. Ya ɗora madubin a kanta.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce ni ne.

"Da me?"

Na gaya masa. Ya rufe ido kamar na taka masa yatsa. Daga nan ya warware ta ɓangare-ɓangare, ya jera a kan ƙyalle, yana yi mini bayani da muryar da ake yi wa yaron da ya yi fitsarin kwance. Wai baƙin ba dauɗa ba ne, rini ne da maƙeran suka yi wa ƙarfen tun 1916, kuma ba mai iya mayar da shi. Wai abu uku ake dubawa: ko rinin asali yana nan, ko lambar da ke jikin kowane ɓangare ɗaya ce, da kuma ko ƙananan hatiman da aka buga mata suna da kaifi. Lambobinta duk sun yi daidai, har da na gidan harsashi, abin da ya ce a shekara ba ya ganin irinsa sau biyu. Rinin kuwa na cinye shi, hatiman na dakusar da su.

"Da ka kawo mini ita da tsatsarta, Mista Harkin, da na rubuta dala dubu ɗaya da ɗari takwas hannuna bai yi rawa ba. Yanzu ɗari biyu, in an sami mai neman kayan gyara. Ba zan sa sunana a takardar da ta kira wannan kayan tarihi ba. Cokali ne mai kunama."

Sajan ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Amma fa tana ƙyalli. Ko aski mutum zai iya yi a jikinta."

Sai na ba shi labarin hafsan, kamar yadda na ji shi a bakinki. Bai bari na kai ƙarshe ba.

"Dogo, mai gashin baki? Shekara talatin ina wannan aikin. In aka tara hafsoshin Jamus da kakannin mutanen jihar nan suka ƙwace wa bindiga, sun fi sojojin da Jamus ta tura yaƙin yawa. Labarin baka ba ya ƙara ko sisi. Kawo mini rubutu na lokacin, mai ɗauke da wannan lambar da sunan mutumin, sai mu sake magana. Abin da zai cece ta ke nan, tunda fuskarta ta tafi."

Raina ya ɓaci, Gwaggo, har yanzu kuma bai huce ba. Tun muna yara ake gaya mana kayan aiki mai tsatsa alamar rago ne. Babu wanda ya taɓa cewa a wurin masu kuɗi tsatsar ce abin saye. Mutumin da na tabbata bai taɓa riƙe shebur ba ya kira Kaka maƙaryaci a gaban mutum biyu da ke jira, ni kuma na tsaya ina cewa na gode.

Ke ma ina da magana da ke. Akwai tarho a gidan wayar Currie. Kalma uku ta isa. Ko da yake, da na sake karanta kwafin wasiƙata, na ga ni ne na kafa sharaɗin, ba ke ba. Wataƙila laifin duk nawa ne. Yawanci haka yake fitowa in na zauna na lissafa.

Tana cikin akwatin Sajan. Saura kwana hamsin da shida.

Neville

*

Currie, Juma'a 27 ga Maris

Neville,

Gwiwa lafiya. Zuciya ce ba lafiya.

Iska ce ta tsare wasiƙar, ba ni ce na yi shiru ba. Wane irin mutum ne zai rubuta wa tsohuwar da ke zaune a tsakiyar teku cewa rashin amsarta amincewa ce? Kuma kada ka kawo mini zancen tarho. Ka san sarai in na kara abin nan a kunne ba na jin komai sai gurnani.

Ban ma san me ya sa na yi mamaki ba. Kana da shekara shida ka wanke kifin da ke cikin kwalbar mahaifiyarka da sabulu, wai ya yi santsi da yawa. Shekara saba'in bindigar nan ta tsira daga Jamusawa, da teku, da ɓerayen rumfar babanka Col, sai ga ka da soson tukunya.

Shi kuma wannan Prentice, da ina wurin da ya haɗiye madubinsa. Ubana ba maƙaryaci ba ne.

Yanzu ka bar lissafin laifi ka yi aiki. Ciwon nan naka na rubuta ƙarfe nawa ka tashi da ƙarfe nawa ka yi tari, a wurin Baba ka gado shi. Kullum da yamma yana zaune da ɗan littafi mai baƙin bango da fensir, tun daga yaƙi har ya rasu. Bai taɓa bari mun karanta ba. Col ya ce ya ƙone su, amma ai haka ya ce bindigar tana tafki. Ka nemo su. Ranar da ya kama hafsan nan tana ciki, na san ubana, har lambar zai rubuta. Ka kai wa mai safar hannun ka manna masa a goshi.

In ka same su kada ka goge su.

Beryl

*

Warrambie, Lahadi 12 ga Afrilu

Shida da rabi: na share magudanar rufi, ko ruwa zai zo. Bai zo ba.

Gwaggo Beryl,

Ina gaishe ki ƙwarai. Mu nan lafiya. Manoma sun shirya iri, kowa ido a sama.

Na same su. A jerina na rubuta: "Akwati na bakwai, tsofaffin littattafai 41, ɓera ya ci, na juji." Mako biyar suna bayan akori-kurata a buɗe, ina jiran kaya su cika in kai juji gaba ɗaya don kada in ɓarnatar da mai. Da an yi ruwa ko sau ɗaya da sun zama kunu. Wannan ne amfanin farko da na ga farin bana ya yi.

Na jera su shekara-shekara, ina karanta biyu kullum bayan cin abinci. Kin yi gaskiya, ya rubuta lambar. Kafin in miƙa wa Sajan bindigar na kwafe lambarta a littafina, 6382, kuma ita ce a nasa. Amma gara ki zauna kafin ki ci gaba. Ga abin da ya rubuta ran 9 ga Oktoba, 1918, ban canza komai ba:

"Ruwan sama. Tafiya huɗu zuwa gaba, garwa talatin da biyu. Na sayi ƙaramar bindigar Jamus hannun kukun rundunar da ke kusa da mu. Gwangwanin taba biyu da safa. Lamba 6382. Ya ce a rami ya tsince ta. Duchess ta ƙi cin abinci."

Duchess alfadararsa ce. Kaka mai kai ruwa ne, Gwaggo. Shekara biyu yana jan alfadarai da garewanin ruwa zuwa bakin daga. Na bi littattafan yaƙin duka sau biyu, ban ga inda ya ce ya harba ko da harsashi ɗaya ba. Tabon dantsen yana ran 14 ga Agusta: "Duchess ta cije ni. Ɗinki shida."

Ban san da wa zan yi fushi ba, shi ya sa nake yi da kowa. A aji biyar ɗan gidan Mackie ya ce kakana bai kama kowa ba, na yi dambe da shi, na rasa haƙorin gaba. Har yau na roba ne a wurin. Ashe a kan cizon alfadara na rasa shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Prentice ya yi gaskiya, kuma zai ji daɗin hakan.

Ga inda muke. In na kai masa wannan shafi, ina ganin zai rubuta takardar, bindigar ta tsira, amma abin da ke shafin shi zai shiga takardar, kuma kwamitin zaure zai karanta. In ban kai ba, ran 15 ga Mayu za ta tafi Melbourne. Ban ga hanya ta uku ba, ko da yake na zana tebur na gwada.

Ubanki ne kafin ya zama kakana. Ki faɗi abin da kike so, a rubuce. Wannan karon zan jira takardarki a hannuna.

Neville

*

Currie, Lahadi 26 ga Afrilu

Neville,

Ina lafiya, tunda dole a faɗa.

Na riƙe wasiƙarka kwana tara ban amsa ba. Jiya ranar Anzac. An kira ni gaban zaure kamar kowace shekara, yara sun zauna a ƙasa, na buɗe baki na ba su labarin hafsan daga farko har ƙarshe, da wasiƙarka a cikin jakata. Wata yarinya ta tambaye ni ko hafsan ya yi kuka. Na ce ya yi.

Ka ce in faɗa a rubuce, to ga shi. A'a. Kada ka kai wa kowa wannan shafi. Gara a narkar da ita. Gara ta zama murfin kwatar da Doolan yake faɗa, in taka ta da ƙafata, da a kafe ubana cikin gilashi a ce ga mutumin da ya sayi jarumtaka da safa. Jikokin Mackie suna cikin kwamitin nan. Kana so su tsaya suna karantawa da kofin giya a hannu?

Baba ya dube ni ido cikin ido ya ba ni labarin nan, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ko dai littafin ya yi ƙarya, ko shi. Na zaɓi in ce littafin ne ya yi. Shekarata sittin da biyar, ba zan sake sabon uba yanzu ba saboda kai ka iya jera takardu.

Ka riga ka goge mata fuska. Kada ka goge masa tasa. Ka mayar da littattafan akwati na bakwai, ka kai su inda ka yi niyya tun farko.

Beryl

*

Warrambie, Laraba 13 ga Mayu

Bakwai saura kwata: na auna ruwan tanki. Kamu tara. An yi ruwa ran Lahadi.

Gwaggo Beryl,

Ina gaishe ki, ina fatan sanyin bana bai tayar miki da gwiwa ba. Noreen tana gaishe ki. An fara shuka.

Wasiƙarki ta iso ran 1 ga wata, kuma babu abin da ban gane ba a cikinta. Na mayar da littattafan akwati, na ɗora a mota. Amma na riga na kai na goma sha huɗu kafin in dakata jiran amsarki, kuma kin san ba na iya barin jeri a tsakiya. Na sauke su na ci gaba, da niyyar in na gama in kai juji.

Na goma sha bakwai na shekarar 1930 ne. Ga watan Yuli:

"Ran 6. Beryl, mashaƙo. Kwana huɗu ba ta ci komai ba. Likita ya ce mu shirya. Ta ga bindigar a saman kabad, ta ce in ba ta labarinta. Kuku da safa ba labari ba ne. Na yi mata hafsa mai gashin baki. Ta yi dariya, ta sha rabin kofin romo."

"Ran 7. Ta ce in sake. Na ƙara masa tsawo, na ba shi takobi. Ƙwai ɗaya."

"Ran 9. Sau uku yau. Ta gyara mini inda na manta. Burodi da madara. Likita ya yi mamaki."

Sai kuma a watan Satumba, layi ɗaya: "Beryl ta koma makaranta, ta gaya wa duk ajinsu. Shi ke nan, ni da hafsan nan sai kabari."

Na duba sauran ashirin da huɗun. Bai sake ambatarsa ba, sai duk ran 6 ga Yuli yakan rubuta shekarunki.

Ran Litinin na ɗauki hutun yini, na tuƙa zuwa shagon Prentice a Bendigo, da littafin 1918 shi kaɗai. Na saɓa miki, da sanina. A watan Maris ba ki ce komai ba na yi abin da na ga dama, yanzu kin ce a'a na sake yi. Na auna abin ta kowace fuska, ban sami yadda zai fito da ni mai gaskiya ba. Abin da na sani kawai, ban iya barin a narkar da abin da ya sa kika sha romon nan ba.

Prentice ya karanta shafin sau biyu, ya cire tabarau.

"Gwangwani biyu da safa. An cuce shi, ɗaya ya isa a watan nan." Ya juya shafuka baya, yana ƙirga tafiye-tafiyen ruwan da yatsa. "Ka san nawa ne cikin masu jan alfadaran nan suka dawo gida da ƙafafunsu? Hafsoshi masu gashin baki an kawo mini ɗari huɗu. Mai kai ruwa, wannan ne na farko."

Ya rubuta takardar, da sharaɗin littafin zai zauna kusa da bindigar. Kada ki ɗauka ya zama mutumin kirki. A layin yanayin kaya ya rubuta: "An kankare rinin asali da soson ƙarfe a 1987, aikin jikan mai ita." Na ce ko za a iya barin wannan. Ya ce, "Tarihi ne, Mista Harkin." Don haka in jikokin Mackie sun zo dariya, ni za su fara samu.

Littafin 1930 ba wanda ya gani, ko Noreen. Ba na gidan tarihi ba ne. Zan aiko miki da shi, tare da farin katin da za a sa a ƙasan gilashin. Kwamiti ya ce iyali ne ke rubuta shi, layi huɗu. Ni na gwada sau shida, duk sun fito kamar rasit. In kin ga dama ki rubuta, in kin ga dama ki yaga, in kuma ba za ki sake rubuto mini ba, zan gane, ko da yake zan ci gaba da leƙa gidan waya ran Alhamis.

Ɗanki,
Neville

Na gobe:
1. Kai wa Sajan takardar Prentice kafin ƙarfe tara. Karɓo shaidar ya karɓa.
2. Gidan waya: littafin 1930 da katin, da rajista. Tambaya ko iska ta kwanta a can.
3. Akwati na ashirin zuwa ashirin da shida, ban taɓa su ba tun Maris.
4. Gyara jeri: akwati na bakwai, soke "na juji".
5. Soson ƙarfe. Na jefar, Noreen ta tsinto, ta ce tukwane ba su yi laifin komai ba. A sake magana.
6. Katin gilashi: jiran Gwaggo. Ban sa wa'adi ba.